Amfilin Gita: Daga Tseren Ƙara Zuwa Neman Sassauci

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Dalilin waiwayen da za mu yi a nan wata tambaya ce da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu suke yawan yi idan ƴan kuɗi suka shigo hannu, aka ce a sayo ma matasa kayan kiɗa: wane irin amfili ya kamata a haɗa da gitar lantarki? Amfili, ga wanda bai san shi ba, shi ne akwatin nan da ake jona gita da shi, ya karɓi ƴar siririyar muryar da tsirkiya ta bayar, ya ƙara mata ƙarfi, ya fitar da ita ta lasifika. Amsar da aka fi bayarwa ita ce a sayi mafi girman da kuɗin za su iya saye.

Na taɓa ganin inda wannan amsa ta kai wata ƙungiya. An yi karo-karo aka sayo akwati mai wat 100, aka kai shi wani ɗaki mai rufin kwano a tsakiyar unguwa, bango ɗaya da gidan mutane. Ba a yi mako biyu ba sai ga dattawan unguwa a bakin ƙofa. Daga nan aka koma kunna shi ƙasa-ƙasa, muryarsa ta siranta babu daɗi, yaran suka gaji suka watse, aka lulluɓe shi da tsohon zane. Kuɗin da za su sayi ƙananan akwatuna da dama, kowane yaro ya samu na yin bita a gida, sun tafi ga abin da ake buƙata sau biyu a shekara.

Wannan kuskure yana da asali a tarihi. Shekaru 40 na farkon rayuwar amfili an kwashe su ana neman ƙara. Shekaru 50 da suka biyo baya kuwa an kwashe su ana neman hanyar samun daɗin muryar ba tare da ƙarar ba. Da yawanmu mun ji rabin farko na labarin, na biyun bai iso kunnenmu ba. Wannan maƙala za ta bi sawun rabin nan biyu, sannan ta duba abin da suke koya ma mai son koyo da ɗaukar sauti a cikin gida.

Lokacin da gita ke neman a ji ta

Kowane abin kiɗa mai tsirkiya yana da amfilinsa tun asali. Tsirkiya ita kaɗai siririya ce, ba ta iya kaɗa iska yadda kunne zai ji daga nesa. Ƙwaryar gurmi da fatar da aka rufe ta da ita, da ƙoƙon goge, da akwatin katakon gita, su ne suke karɓar rawar tsirkiya su watsa ta. Amma ƙarfinsu yana da iyaka. A Amurka ta shekarun 1920, inda ƙungiyoyin kiɗan rawa suka cika da kayan busa na ƙarfe da ganguna, mai gita yana zaune ne a baya yana kaɗawa, ana ganin hannunsa ba a jin kiɗansa. A 1927 kamfanin National ya fitar da gita mai jikin ƙarfe da faya-fayan alminiyam a ciki, ƙirar John Dopyera, don a ƙara mata amo. Ta taimaka, amma ba ta raba gardama ba.

Maganin ya fito ne daga sana'ar rediyo. A 1906 Lee de Forest ya ƙera kwalbar lantarki mai iya ƙara ƙarfin ƙaramar wuta, irin kwalaben nan masu haske ja-ja da dattawa suka sani a bayan tsofaffin akwatunan rediyo. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana ƙirar lasifika mai faifan takarda wadda har yau ita ake amfani da ita. Abin da ya rage shi ne hanyar mayar da rawar tsirkiya ta zama wuta. George Beauchamp ya samo ta a Los Anjalis a 1931: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, aka ajiye shi dab da tsirkiyar ƙarfe. Idan tsirkiya ta yi rawa sai ƴar wuta ta taso a cikin wayar, wadda ƙarfinta bai kai na pil ɗaya ba. A 1932 shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da gitarsu, wadda mutane suka yi ma laƙabi da kaskon suya saboda siffarta, tare da ɗan amfilinta.

A 1936 kamfanin Gibson ya fitar da gitar ES-150 da amfilin da ke tafiya da ita, mai kimanin wat 15. Da waɗannan kaya ne wani saurayi baƙar fata daga Oklahoma, Charlie Christian, ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya nuna cewa gita za ta iya fitowa gaba ta yi magana ita kaɗai kamar yadda mai busa yake yi. Ya rasu a 1942 yana ɗan shekara 25, amma ya riga ya sauya matsayin gita. Mu lura: wat 15 ya ishe shi a ji shi cikin babbar ƙungiya.

Ƙaramin akwatin ɗalibai

Leo Fender ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne da ya buɗe shago a Fullerton ta jihar Kalifoniya a 1938, makaɗa suna kawo masa kayansu da suka lalace. A 1946 ya kafa kamfaninsa, kuma tun da wuri ya gane cewa a bayan kowane ƙwararren makaɗi akwai ɗaruruwan yara masu koyo a ɗakin iyayensu. A 1948 ya ƙera musu Champion 800, mai wat 4 da lasifika mai faɗin santimita 20. Daga baya aka taƙaita sunan ya koma Champ, ƙarfinsa ya zama wat 5, kuma samfurin ƙarshen shekarun 1950 maɓallin murɗawa ɗaya tak gare shi. An yi shi da araha, don ɗalibai da makarantun koyon kiɗa.

Abin da ba a zata ba shi ne masu ɗaukar sauti a situdiyo suka ƙyalla ido a kansa. Makirufo ba shi da ido, bai san girman akwatin da aka ajiye shi a gabansa ba. Idan aka kusantar da shi ga ƙaramar lasifika, abin da zai ɗauka zai iya cika faifai kamar na babba, kuma ƙarar ba za ta kwarara cikin makirufon mawaƙi ko na mai ganga ba. A 1970, a situdiyon Criteria da ke Mayami, Eric Clapton ya ɗauki kundin da aka sani da Layla da ƙananan amfilin Fender irin wannan, kamar yadda Tom Dowd da ya jagoranci aikin ya sha ba da labari. Miliyoyin da suka saurari faifan sun ɗauka tulin manyan akwatuna suke ji, alhali akwatin ɗalibai ne wanda yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya.

Gurnanin da aka ɗauka aibi ne

Injiniyoyin farko burinsu shi ne amfili ya maimaita muryar gita tsaf, ba daɗi ba ragi. Amma kwalbar lantarki tana da wata ɗabi'a: idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta sai ta dinga daddatse kawunan igiyar sautin, muryar ta yi kauri, ta yi kaushi, ta daɗe tana ja kafin ta mutu. A wannan maƙala za mu kira wannan murya gurnani. Ga injiniya aibi ne. Makaɗa kuwa suka ji ta suka so ta.

A 1951, a situdiyon Sam Phillips da ke Memfis, aka ɗauki waƙar "Rocket 88" da amfilin Willie Kizart wanda lasifikarsa ta samu rauni a hanya. Bisa ruwayar Phillips, takarda aka cusa aka tokare faifan, aka ɗauka a haka, kuma ya so abin da ya ji. A 1964 a Landan, Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga faifan wani ƙaramin amfili mai suna Elpico da gangan, don neman wannan kaushi. Mu a nan abin ba zai ba mu mamaki ba. Masu haɗa garaya da molo sun daɗe suna maƙala ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan gorar, wanda ake kira ceba, don muryar ta fito da zuzu. Kunnen ɗan Adam yana son ɗan kaushi a cikin zaƙi.

Sai dai gurnanin kwalba ya zo da sharaɗi mai tsauri: ba ya fitowa sai an murɗe amfili har kusan ƙarshe. Ƙaramin akwati yana kaiwa wannan matsayi da ƙarar da za a iya jurewa. Babba kuwa ba zai kai ba sai ya girgiza gini. Daga nan ne daɗin murya da yawan ƙara suka ɗaure da juna, kuma kusan duk abin da ya biyo baya ƙoƙarin kwance wannan ƙulli ne.

Tseren ƙara

Kafin a fara kwance ƙullin sai da aka ƙara tamke shi. A Ingila kamfanin Vox ya fitar da AC30 mai wat 30 a 1959, wanda ƙungiyar Beatles ta yi suna da shi. Da taronsu ya girma aka ƙera musu masu wat 100. Duk da haka, a ranar 15 ga Agusta 1965, a filin wasa na Shea da ke Niyok, gaban mutum fiye da 55,000 masu ihu, ko su kansu ba su jin abin da suke kaɗawa. Shekara ɗaya bayan haka suka daina yawon wasanni. Shi kuma Jim Marshall, malamin ganga mai shago a yammacin Landan, ya fara ƙera amfili a 1962 bisa tsarin Fender Bassman. A 1965 ya yi ma Pete Townshend na ƙungiyar The Who mai wat 100, wanda ake ɗorawa a kan akwatuna biyu masu ɗauke da lasifika 8. A 1976, a filin ƙwallo na Charlton, aka auna ƙarar wasan The Who ta kai desibel 126, har aka sa su cikin kundin bajinta na Guinness.

Dalilin wannan tsere a fili yake. A lokacin na'urorin watsa sauti ga taro ba su da ƙarfi, dole amfilin gita ya kai muryarsa har ga na ƙarshen fili da kansa. Da waɗannan na'urori suka ƙarfafa a shekarun 1970, sai ya zama ana iya sa ma ƙaramin amfili makirufo a watsa shi ga dubban mutane. Buƙatar ta gushe, amma hoton ya zauna: bangon baƙaƙen akwatuna a bayan makaɗi ya zama alamar isa, har wasu ƙungiyoyi suna jera akwatunan da babu komi a cikinsu don ido kawai. Wannan hoto ne ya iso mana ta kwalayen kaset da talabijin.

A nan ya dace a kawo ɗan lissafi, wanda malaman kimiyya za su iya kai ma ɗalibansu. Ƙara ana auna ta da desibel. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ake ƙarawa, abin da kunne yake ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat sau 10. Ke nan amfili mai wat 5 yana ba da kusan rabin ƙarar mai wat 50, idan lasifikarsu iri ɗaya ce. Kuma wat 1 tak, idan aka sa shi cikin kyakkyawar lasifikar gita mai faɗin santimita 30, yana iya kusantar desibel 100 ga wanda ke tsaye mita ɗaya daga gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta nuna cewa desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar da kunnen babba zai ɗauka lafiya, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Townshend kansa ya ƙare da raunin ji da ƙugin kunne.

Kwance ƙullin

Hanya ta farko ta biyo ta taranzisto, wanda aka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell a 1947. Ba ya zafi kamar kwalba, ba ya fashewa, ba ya cin wuta da yawa. A 1973 aka gabatar da Pignose, ɗan akwati mai wat 5 da ke aiki da pil 6, wanda makaɗi zai rataya ya shiga duk inda ya so. Hanya ta biyu ita ce ƙara maɓalli na biyu. Da maɓalli na farko ake matsa ma ƙananan kwalaben gaba har su yi gurnani, da na biyu kuma ake rage ƙarar da za ta fita. Marshall ya sa wannan tsari cikin kayansa a 1975.

Mutumin da ya fi kowa tura lamarin gaba shi ne Tom Scholz, injiniyan da ya yi karatu a jami'ar MIT yana kuma aiki a kamfanin Polaroid. Mafi yawan kundin farko na ƙungiyarsa, Boston, wanda ya fito a 1976 aka sayar da miliyoyinsa, a ɗakin ƙasa na gidansa ya ɗauke shi. Daga baya ya ƙera wata na'ura da ake sakawa tsakanin amfili da lasifika, ta shanye yawancin ƙarfin ta mayar da shi zafi, amfili yana gurnani iya ransa amma ƙara kaɗan ke fita. A 1982 ya fitar da Rockman, ɗan akwati kamar na sauraren kaset da ake ratayawa a ƙugu, a jona gita, a sa abin saurare a kunne wanda muke kira kas. Maƙwabci ba ya jin komi sai ƙyas-ƙyas ɗin tsirkiya.

A daidai lokacin ɗaukar sauti ma ya shigo gida. A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fitar da Portastudio, wadda ke ɗaukar layi 4 na sauti a kan kaset irin na kasuwa. Da ita Bruce Springsteen ya ɗauki kundin Nebraska a ɗakinsa a 1982. Sai aka gano wata matsala. Idan aka jona gurnanin amfili kai tsaye cikin na'urar ɗauka, sai ya fito da tsini kamar kukan zanzaro. Dalili shi ne lasifikar gita tana da nata aikin tacewa: kusan duk abin da ya wuce girgiza 5,000 a daƙiƙa tana zubar da shi. Rabin muryar da ake yabo na lasifika ne da akwatinta. A 1989 Andrew Barta ya fitar da SansAmp a Niyok, wadda ke kwaikwayon amfili da lasifikarsa gaba ɗaya. Sunan ma ya faɗi manufar ga mai jin Faransanci: babu amfili.

Zamanin lissafi

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da ɗabi'ar kwalba ta zama lissafin da kwamfuta za ta yi. A 1998 kamfanin Line 6 ya fitar da POD, ƴar jar na'ura mai siffar ƙwayar wake, wadda ke kwaikwayon tsofaffin amfili iri-iri, har da Champ da AC30 da Marshall ɗin da muka ambata. A 2002 manhajar AmpliTube ta fito daga Italiya, aikin ya koma cikin kwamfuta ɗungurungum. A 2004 Roland ya fitar da Micro Cube, mai wat 2 da pil 6. A 2011 Christoph Kemper na Jamus ya fitar da na'urar da ke sauraren amfili na gaske ta kwafe halinsa, a shekarar ne kuma Yamaha ya fitar da THR, wanda aka ƙera don a ɗora a kan tebur, a kuma jona shi da kwamfuta ta wayar USB. Daga baya Steven Atkinson ya saki manhajar Neural Amp Modeler kyauta ga kowa.

Gardama ba ta ƙare ba tsakanin masoya kwalba da masoya lissafi. Na farko suna cewa akwai wani amsa-amo tsakanin yatsa da kwalba da iskar ɗaki wanda kwaikwayo bai kamo ba tukuna, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya ga wanda ke tsaye gaban lasifika tana kaɗa shi. Amma idan aka zo ga abin da aka ɗauka aka saurara daga baya, bambancin ya ragu har ƙwararru suna shan wuyar rabewa.

Yadda labarin ya zo ƙasarmu

Abin lura shi ne, gitar da ta fitar da sunan Nijar a duniya ba ta bi ta tseren ƙara ba. Kiɗan gitar Abzinawa ya tashi ne a wuraren da babu wutar lantarki, da gitar katako da ƙananan amfili masu aiki da batir. Waƙoƙin Abdallah Oumbadougou a farkon shekarun 1990, zamanin tawaye, a rediyo mai kaset aka ɗauke su, aka dinga kwafa hannu da hannu a ɓoye kafin sulhun 1995. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya haɗa gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya yaɗu daga salula zuwa salula, har ɗaya daga waƙoƙinsa ta shiga tarin da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a Amurka a 2011. Faifan farko na Les Filles de Illighadad, wanda ya fito a 2016, a fili aka ɗauke shi a ƙauyensu da ƴar na'urar hannu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira babban akwati kafin ya fara, kuma kaushin ƙananan lasifika ya zama wani ɓangare na muryar da duniya ta san su da ita.

Abin da tarihin ke koyarwa

Darasi na farko shi ne a fara da tambayar wuri kafin tambayar wat. Gidajenmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai ba a gina su don ɓoye sauti ba: tsakar gida ɗaya ce, tagogi a buɗe saboda zafi, a bazara kowa a waje yake kwana. Ga bita a irin wannan wuri, wat 1 zuwa 10 ya wadatar, har ya yi yawa. Amfilin kwalba mai wat 5 ma, idan aka murɗe shi don ya yi gurnani, unguwa za ta ji.

Na biyu, a duba ramukan da ke jikinsa. Ramin kas yana ba yaro damar bita bayan sallar isha'i. Ramin shigar da sauti daga salula yana ba shi damar bin kiɗan da yake koyo. Ga mai son ɗauka, a nemi mai fitar da sauti ta USB ko ta ramin da aka tace shi da kwaikwayon lasifika, don gudun tsinin nan da muka ambata. Wanda yake da kwamfuta zai iya tsallake amfili gaba ɗaya, ya sayi ɗan akwatin shigar da sauti ya haɗa da manhaja.

Na uku, a yi la'akari da wuta da yanayi. Inda wuta ke ɗaukewa ko take hawa da sauka, mai aiki da pil ko batir ya fi kwanciyar hankali. Kwalba tana zafi, tana tsufa, samun madadinta a kasuwanninmu ba sauƙi ba ne, kuma amfilin kwalba ba a kunna shi ba tare da lasifika a jone ba, don kayan cikinsa na iya ƙonewa. Na hannu da aka shigo da shi daga Amurka galibi na wuta 120 ne, tamu kuwa 220 ce, sai a duba bayansa kafin a jona.

Na huɗu, a gwada shi da ƙarar da za a yi amfani da shi. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunne yana rasa muryoyi masu kauri fiye da sauran. Shi ya sa akwatin da ya burge a shago da ƙarfi yake siranta a ɗaki. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma a gwada ƙasa-ƙasa.

Na biyar ya shafi kas. Yana kare maƙwabci, amma ba ya kare mai shi. Townshend ya ce shekarun da ya yi da kas a kunne a situdiyo su ne suka fi yi masa ɓarna. Malamai su sa ido: idan na kusa da yaro yana jin abin da ke fita daga kas ɗinsa, ƙarar ta yi yawa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Kammalawa

Ƙungiyar da ke shirya bukukuwa a fili tana da hujjar mallakar babban amfili ɗaya, ko ta yi hayarsa ranar da buƙata ta taso. Amma makaɗi ba a ranar biki yake zama makaɗi ba. Yana zama ne a cikin ɗaruruwan awoyin da yake maimaita abu guda shi kaɗai, kuma waɗannan awoyi ba za su samu ba idan kowace kunnawa tana jawo faɗa da iyaye da maƙwabta. Yawancin gidajen da suka hana ƴaƴansu gita, hayaniyar suka fara ƙi kafin su ƙi kiɗan. Leo Fender ya fahimci haka a 1948 sa'ad da ya ƙera ma ɗalibai akwati mai wat 4, kuma masu ƙira sun shafe rabin ƙarni suna gyara wannan tunani har ya kai inda yake. Idan kuɗin ƙungiya suka sake shigowa hannu, a lissafa yawan yaran da ke son koyo da irin ɗakunan da za su koma da dare, sannan a je kasuwa. Daidai ruwa daidai tsaki.